Daga Zariya zuwa Houston a bayan ƙwallon 'yan jami'a

Ƙanena ne ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Michigan, aka sa bikin yaye su a tsakiyar Disambar 2023, gida kuma suka wakilta ni tunda Baba ba ya iya doguwar tafiya. Da muka zo tsayar da ranar tashi sai ya kafe lallai in iso kafin 25 ga Nuwamba. Na tambaye shi zaman me zan yi a cikin sanyi tun bikin bai zo ba. Ya ce, "Yaya, kai dai ka taho, akwai abin da nake so ka gani da idonka."

Daga Zariya na shiga mota zuwa Rigasa, na hau jirgin ƙasa zuwa Idu, daga Abuja kuma jirgin dare ya sauke mu a Faransa, muka sake wani zuwa Detroit. A lokacin dala ta haura naira 1,000 a kasuwar bayan fage, don haka ko ruwan gora na ɗaga a filin jirgi sai na yi lissafi na mayar da shi inda yake.

A Detroit an yi mini tambayoyin da aka saba: wurin wa ka zo, yaushe za ka koma, nawa ne a aljihunka. Da aka zo kan abinci na ce akwai, domin an ja mini kunne tun daga gida cewa ɓoyewar ita ce laifi. Kilishi kam ban ko ɗauko ba, nama ba ya shiga. Aka buɗe jaka, ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa, ga yaji, ga daddawar da Hajiya ta naɗe a leda kan leda. Matar da ke dubawa ta kwance, ta kai hanci, ta ja da baya, ta tambaya ko ci ake yi. Na ce miya ba ta miya sai da ita. Ta ɗaure kayan ta ce in wuce. Ina fita ƙofa iska ta mare ni, na gane hunturun da muke kuka da shi a Samaru wasan yara ne.

Ann Arbor ba ta kai tafiyar awa guda daga filin jirgin ba. Ƙaramin gari ne na mutum wajen dubu 120, kuma jami'ar ce garin. An kafa ta a Detroit a 1817, aka dawo da ita nan a 1837. Tun daga bakin gari na fara ganin harafin M ruwan ɗorawa a kan shuɗi: a tutocin ƙofar gida, a bayan motoci, a hulunan jarirai, har a rigar kare. Ƙanena ya ce wannan makon ba a zancen komai sai wasan ƙwallon Amurka da jami'arsu za ta yi da Jami'ar Ohio State.

Wanda ya yi mini bayani sosai maƙwabcinsu ne, wani dattijon Bature da ya yi ritaya daga aikin injiniya a kamfanin ƙera motoci. A jami'ar ya yi karatu, kuma tun yana saurayi yake sabunta kujerunsa a filin wasa duk shekara. Matarsa an yi mata aiki a ƙugu ba ta iya hawa matakala, shi ya sa kujerarta ta faɗo kaina. A cewarsa gabar ta girmi ƙwallon. A 1835 Michigan da Ohio sun ja daga a kan wani zirin ƙasa da garin Toledo yake ciki, har kowa ya tara mayaƙa. Ohio ta ci Toledo, aka lallashi Michigan da yankin da ke can arewa ƙetaren ruwa. Tun 1897 jami'o'in biyu suke karawa, kuma a Columbus, garin Ohio State, idan makon wasan ya zo bi suke suna manna jan tef a kan duk harafin M da ke jikin alluna.

A kakar 2023 ƙungiyoyin biyu kowacce ta ci wasa 11 ba a doke ta ba, amma Michigan za ta shiga fili babu kocinta. Sau biyu aka dakatar da Jim Harbaugh a kakar nan. Na farko jami'ar ce da kanta ta hana shi wasa uku na farkon kaka saboda karya dokar zawarcin 'yan wasa a lokacin korona. Na biyu ya fi muni. A wasan jami'o'i a wannan lokacin koci da alamun hannu da alluna yake gaya wa yaransa dabarar da za su bi, sai aka gano wani ma'aikacin ƙungiyar, Connor Stalions, yana sayen tikitin wasannin abokan hamayya yana tura mutane su ɗauko bidiyon alamunsu. Doka ta hana hakan. Stalions ya ajiye aiki, hukumar gasar Big Ten ta hana Harbaugh tsayawa bakin fili a wasa uku na ƙarshe kafin wasannin neman kofi. Dattijon ya ce kowa na yi, hassada ce kawai. Ni dai ban gamsu ba, domin wanda aka kama da akuya a ɗaka ba ya kare kansa da cewa gari ya cika da ɓarayi. Amma na lura abin ya ƙara haɗa kansu, ko'ina ka duba riguna ne masu cewa Michigan ce a gefe guda, duniya a gefe guda.

Ranar Asabar da ƙarfe 12 na rana za a take wasa, amma tun da duhun asuba gari ya tashi. Masu gidajen da ke kusa da filin sun mayar da ciyawar ƙofar gidansu wurin ajiye mota suna karɓar kuɗi. Filin makarantar sakandaren da ke tsallaken titi da filin wasan golf duk sun cika da motoci, kowa ya buɗe bayan motarsa ya kafa murhu da tebur da talabijin. Ana gashi, ana kiɗa, ana shan giya da sanyin safiya. Kusan duk rumfar da muka gifta sai an miƙo mana faranti, mu kuma muna godiya muna wucewa saboda yawancin naman alade ne. Wata tsohuwa da ta fahimci dalili ta koma cikin motarta ta ɗauko mana shayi mai zafi da tuffa.

Daga waje filin bai cika ido ba, har na fara tunanin an zuzuta shi. Ashe a cikin rami aka gina shi tun 1927. Sai ka shiga ta ƙofa ka tarar kana sama, mutane sun gangara ƙasa kamar an zuba gero a ƙwarya. Kujerunsa 107,601, babu filin wasan da ya kai shi a Amurka, kuma ranar mutum 110,615 aka ƙirga. Babban filin wasa na Abuja dubu 60 da 'yan kai yake ɗauka. Tun 1975 ba a yi wasan gida da bai tara dubu 100 ba, in ka cire shekarar korona. Kujerar ma ba kujera ba ce, dogon benci ne na ƙarfe da aka rubuta wa lambobi, ga kowa ya yi ɗamarar rigunan sanyi, sai ka zauna rabinka a jikin maƙwabci. Ba a shiga da jaka, wanda ya fita kuma ba ya dawowa, don haka na yi niyyar haɗa Azahar da La'asar in mun fito.

Wasan kansa zari-ruga ne irin na Amurka. Mutum 11 kowane gefe, ana ba ka dama huɗu ka ci yadi 10 gaba, ko da gudu da ƙwallo ko da jifa. Ka ci, a sabunta maka, ka kasa, ƙwallo ta koma hannun abokin gaba. Wanda ya kai ta layin ƙarshe ya sami maki 6, ya ƙara 1 da bugu, wanda ya buga ta tsakanin sanduna daga nesa ya sami 3. Minti 60 ne a agogo, amma mun fi awa uku a wurin. A yi daƙiƙa biyar ana kokawa, a tsaya a yi shawara. Wani lokaci kuma wani mutum mai jar hula ya shigo ya tsaya a fili, kowa ya jira, wai gidan talabijin na tallace-tallace. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafarmu mai gudana zai ƙosa, kuma na ƙosa, ga yatsun ƙafata sun daina ji.

Bayan hutun rabin lokaci, ana 17 da 17, abin ya canza mini. Wani ƙaton ɗan wasan Michigan mai lamba 65, Zak Zinter, ya faɗi bai tashi ba, ƙafarsa ta karye. Filin nan ya yi tsit, abokan wasansa suka durƙusa, sai aka fara kiran sunansa daga wani lungu har ya game ko'ina ana fita da shi a kan amalanke. Da aka dawo wasa, a taɓawar farko, Blake Corum ya karɓi ƙwallo ya ratsa yadi 22 ya kai ta gida, ya juyo ya nuna 6 da 5 da yatsunsa. Ban san lokacin da na miƙe ina ihu ba. Saura daƙiƙa 25 a tashi, Michigan na da 30 Ohio State na da 24 kuma suna matsowa, Rod Moore ya yi tsalle ya cafke jifar da aka yi wa wani. Jama'a suka ɓalle suka cika filin. Dattijon ya riƙe kafaɗata yana hawaye, mutumin da jiya-jiya muka san juna.

Disamba ta wuce da sauri. An yi bikin da ya kawo ni lafiya, na ɗauki hotuna na tura gida. Juma'a mukan je masallacin Ann Arbor, cefane kuma Dearborn, garin da Larabawa suka fi yawa, inda mahauta ke yanka halal kuma allunan shaguna da Larabci suke. A can wani mai sayar da nama ɗan asalin Lebanon ya ba ni labarin makarantar sakandaren unguwarsu, Fordson, wadda a shekarar da azumi ya faɗo lokacin shirin kaka ta mayar da atisayen yaranta cikin dare. Shi ma hular M ce a kansa. A 2 ga Disamba Michigan ta lallasa Iowa 26 da nema ta ɗauki kofin Big Ten. Washegari wani kwamiti na mutum 13 ya zaɓi ƙungiyoyi huɗu da za su nemi kofin ƙasa: Michigan, Washington, Texas da Alabama. Florida State ta ci wasanninta 13 duka amma aka bar ta a waje, wai don mai jefa mata ƙwallo ya karye. Wannan kam zalunci ne ko a ina aka yi shi.

Ranar 1 ga Janairu a falon dattijon muka kalli karawa da Alabama a Rose Bowl, can California. Shekara biyu a jere a wannan matakin ake fitar da Michigan, Georgia ta yi musu 34 da 11, TCU ta yi musu 51 da 45, don haka falon babu mai dariya. Ana bin su 20 da 13 saura 'yan mintoci suka rama, aka shiga ƙarin lokaci, Corum ya ci, sannan suka tare mai jefa ƙwallon Alabama a damarsa ta ƙarshe, yadi uku tsakaninsa da layi. An tashi 27 da 20. Ba a fi kwana goma ba kocin Alabama, Nick Saban, mai kofin ƙasa bakwai, ya yi ritaya.

Daren nan dattijon ya ce zai je Houston wasan ƙarshe, ko da rarrafe. Tsofaffin masu kujera ana ba su damar sayen tikiti ta hannun jami'a, ya kuma sayi uku. A kasuwa mafi araha yana wajen dala 1,000, kuɗin jirgi kuma ya yi tashin gwauron zabo. Sharaɗinsa ɗaya ne, ƙanena ya tuƙa, ni in hana direba barci.

Asabar 6 ga wata muka ɗau hanya da asuba. Mil 1,300 ne, wajen kilomita 2,100, kusan Kano zuwa Legas sau biyu. Matar ƙanena ta yi mana dambun nama da cincin da dafaffen ƙwai, aka cika fulas da shayi. Indiana da Illinois gonakin masara ne da aka girbe, shimfiɗe har iyakar gani, babu abin faɗa sai wani ƙaton gicciye na ƙarfe a Effingham da agogo da ya koma baya da awa guda. Muka haye kogin Mississippi kusa da wani gari mai suna Cairo, muka gangara ta gonakin audugar Missouri zuwa Arkansas, jihar da ta fi kowacce noman shinkafa a ƙasar. Man fetur wajen dala 3 galan, yana ƙara sauƙi muna yin kudu, kuma kai za ka zuba wa kanka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mun keta jihohi biyar babu shinge ko ɗaya. Babu gungume a titi, babu mai leƙo kai ya ce a buɗe but, babu mai tambayar takardun mota. Manyan motoci kaɗai ke ratsewa a auna nauyinsu. Duk bayan tazara akwai wurin hutawa da banɗaki mai tsabta kyauta, a nan muke alwala mu shimfiɗa darduma a gefen ciyawa, dattijon yana tsaye yana jiranmu da hularsa a hannu. Na tuna hanyar Zariya zuwa Sakkwato, inda direba ke tanadin canji tun daga tasha, fasinja kuma ke lissafin inda magariba za ta riske shi. Nan da daddare muke tafiya, tsoron da ake yi na barewa ne kada ta faɗo titi. Motoci masu tutar M kuwa tun daga Indianapolis muke wuce juna, kowa ya danna oda.

Mun kwana a wani ƙaramin masauki na bakin hanya kafin Little Rock, ɗaki mai gado biyu dala 90 da 'yan kai, mai wurin Ba'indiye ne da iyalinsa. Karin kumallon kyauta ne amma bai wuce burodi mai zaƙi da kofi ba, dambu ya rufa asiri.

Rashin shinge ba ya nufin babu 'yan sanda, a tsakiyar titi suke laɓewa da na'urar auna gudu. Bayan Texarkana babbar hanya ta ƙare, muka shiga mai ratsa ƙananan garuruwan gabashin Texas, inda iyakar gudu ke sauka ba zato. A ɗaya daga cikinsu fitila ja da shuɗiya ta haska bayanmu. Nan take ƙanena ya zama wani mutum daban. Ya gangara gefe, ya kashe mota, ya sauke gilasai duka, ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari, ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Yaya, kada ka fita, kada ka sa hannu a aljihu, kada ka yi magana sai an tambaye ka." A gida da tuni na fito ina murmushi ina "ranka ya daɗe, ya aiki". Nan baƙin mutum ba ya wannan gangancin. Ɗan sandan ya zo hannunsa kusa da ƙugu, ya karɓi lasisi, ya koma motarsa, ya daɗe. Da ya dawo ya kalli tutar da ke jikin gilashi ya tambaya ko Houston za mu. Ashe magoyin bayan Texas ne, waɗanda Washington ta fitar da 37 da 31. Ya ba mu takardar gargaɗi, ya ce mu rama musu. Dattijon ya yi ta dariya, amma ƙanena sai da muka yi nisa kafin hannunsa ya daina rawa.

Otal a Houston ba ya taɓuwa a makon, sai muka sauka gidan wani abokin ƙanena ɗan Jos da ke aikin mai, a kudu maso yammacin birnin. Yankin nan 'yan Najeriya sun yi kaka-gida. A titin Bissonnet akwai shagunan garin rogo da manja, da coci-coci, da masu tsire, ka ji Yarbanci ka ji Ibo. Uwargidan ta tuƙa tuwon shinkafa, aka kaɗa miya da kukar da na kai musu tsaraba. Dattijon ya fara da cokali, ya ga ba ta yi, ya wanke hannu. Yaji ya sa shi tari har da hawaye amma ya nemi ƙari. Litinin da rana muka yi Azahar a masallacin da Hakeem Olajuwon ya kafa a tsakiyar birni, tsohon ginin banki ne mai ginshiƙai. Shi ma ta ƙofar wasan jami'a ya shigo ƙasar, daga Legas zuwa Jami'ar Houston, kafin ya ci wa Rockets kofin ƙwallon kwando a 1994 da 1995.

Ranar an tashi da hadari da iska mai ƙarfi, wayoyinmu suna ta ƙarar gargaɗin guguwa. Filin NRG rufaffe ne, muka kutsa ciki a jiƙe bayan an bi mu da na'urar bincike. Mutum 72,808 ne, kuma da ido ma ka san ruwan ɗorawa ya rinjayi shunayyar Washington. Su ma ba a doke su ba duk kakar, suna taƙama da Michael Penix, mai jifa da hagu. Michigan ba ta yi wata dabara ta ɓoye ba, ƙarfi ta sa. Tun a kashin farko cikin kashi huɗu na wasan Donovan Edwards ya ɓalle sau biyu, yadi 41 da yadi 46, ba wanda ya kamo shi. Daga nan wasa ya yi nauyi, aka je hutu 17 da 10, dattijon ya ƙi cin komai. Ana dawowa, a jifar farko, Will Johnson ya ƙwace ƙwallo. Aka yi ta ja-in-ja da tazarar maki 7 har kashin ƙarshe, Corum ya ci, sannan Mike Sainristil, yaron da aka haifa a Haiti, ya tare wata jifar ya ruga da ita yadi 81. Corum ya ƙarasa. An tashi 34 da 13, yadi 303 suka ci da gudu kawai. Wasa 15, nasara 15. Rabon Michigan da kofin ƙasa tun 1997, shi ma raba shi aka yi da Nebraska. Wanda suka ci su kaɗai tun 1948 ne, kuma dattijon ya ce mahaifinsa ya rasu yana ba da labarin wannan shekarar.

A hanyar dawowa, da yake babu sauran fargaba, muka yi ta gardama. Na ce masa ni abin da ban gane ba shi ne a ce ɗalibai ne ke wasan. Gasar Big Ten ta sayar wa gidajen talabijin haƙƙin nuna wasanninta a kan wajen dala biliyan 7 na shekara bakwai, Harbaugh a lokacin yana ɗaukar sama da miliyan 7 a shekara, amma yaran da ake karya wa ƙafa har zuwa Yulin 2021 ba su da izinin karɓar ko sisi da sunansu, sai karatu da abinci kyauta. Yanzu an ba su damar yin talla, har Corum yana sayen talotalo da kuɗinsa yana raba wa mabuƙata a Ypsilanti lokacin bikin godiya na Amurkawa, wato Thanksgiving. Amma ƙalilan ne za su shiga gasar ƙwararru ta NFL, sauran su fita da gwiwa ko kai mai ciwo. Dattijon bai musa ba. Ya ce shi ma Harbaugh ya fito fili ya ce a raba kuɗin talabijin da yaran.

Sai ya juyo da tambayar kaina, ya ce yaushe rabona da jami'ar da na yi. Na yi shiru, ƙanena yana dariya. Mu daga ranar da muka karɓi takardar shaida sai dai in neman wata takardar ya mayar da mu. Ana wasannin jami'o'in Najeriya na NUGA a gama ba wanda ya sani sai 'yan wasan da iyayensu, alhali dare ɗaya na Arsenal da Chelsea ya isa ya raba unguwa biyu. Su kuwa wannan ƙwallon ce igiyar da jami'a ta ɗaure tsofaffin ɗalibanta da ita. Mutum ya gama shekara hamsin da suka wuce, amma duk kaka zai dawo Asabar bakwai, ya kawo 'ya'ya da jikoki, ya ga ginin da ya tsufa, a nemi gudummawa ya bayar. Asusun ajiyar jami'ar ya haura dala biliyan 17, makarantar kasuwancinta ma sunan wani tsohon ɗalibi, Stephen Ross, take ɗauke da shi saboda dala miliyan 100 da ya ba ta a 2004. Ɗakin binciken da ƙanena ya yi aiki a ciki bai san ƙwallo ba, amma ina zargin ya ci albarkacinta.

Mun tarar da Michigan cikin dusar ƙanƙara. Ranar 13 ga Janairu aka zagaya da 'yan wasan a bayan motoci ta tsakiyar jami'a, sanyi na ratsa ƙashi, wasu ƙartin cikinsu ko riga babu. Na tsaya iya abin da zan iya na gudu cikin wani shagon kofi. Washegari a wayar ƙanena muka kalli Najeriya ta yi kunnen doki 1 da 1 da Equatorial Guinea a gasar kofin Afirka, na gwada yi wa dattijon bayanin satar gida, ya ce wasan da za a tashi ba wanda ya ci ba wasa ba ne.

Na dawo Zariya ba da jimawa ba labari ya zo cewa Harbaugh ya bar jami'ar ya koma Los Angeles Chargers a 24 ga Janairu, aka naɗa Sherrone Moore, wanda ya riƙe ƙungiyar ranar Ohio State. Kocin Washington shi ma ya tafi Alabama ya gaji Saban, kuma a Afrilu NFL ta kwashi 'yan wasan Michigan 13. Na kira dattijon in yi masa jaje. Ya ce in bar jajen, ya riga ya biya kujerunsa na kaka mai zuwa, Texas za ta zo Ann Arbor a 7 ga Satumba, kuma in akwai mai tahowa daga gida a aiko masa da yaji.